Kujerar Sufuri Ba Tukuicin Kamfe Ba Ce

A kan titin Basawa akwai wata makaranta da yawancinmu muke wucewa ta bakin ƙofarta ba mu ko ɗaga kai: Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NITT. Tun 1986 gwamnatin tarayya ta kafa ta, kuma aikinta ke nan, horar da mutanen da za su tafiyar da harkar sufuri a ƙasar nan. Ma'aikata daga jihohi masu nisa suna zuwa su yi kwas su koma. Ba nisa da ita ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda ta girme ta, tun 1964. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da injiniyoyinta da masu karatun tsara birane. Shi kansa Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. In dai ilimin sufuri ake nema, da wuya a sami garin da ya sha gaban namu.

To amma fito bakin titi da ƙarfe bakwai na safe ka ga yadda mutanen wannan gari suke tafiya. Ɗalibin da ke zaune a Basawa ko Hayin Dogo ko Palladan, yana son ya kama lakcar ƙarfe takwas a UPE, sai ya yi hawa uku, wani lokaci huɗu. Acaɓa ya fito da shi babban titi, keke ko ƙaramar bas ta kai shi Kwangila ko PZ, ya sake neman wata zuwa Ƙofar Doka, daga nan kuma ya san yadda zai yi. Babu lokacin da za ka ce mota za ta zo, babu kuɗin da za ka riƙe ka ce ya ishe ka. Hadari ya haɗu, kuɗin mota ya tashi. Ranar kasuwa, ya tashi. Magariba ta gabato, ya tashi. 'Yan uwanmu mata su suka fi jin jiki, don su ne ba za su iya tsalle su maƙale a gefen direban keke ba, su ne kuma ake yi wa faɗa a gida idan duhu ya riske su a hanya.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare, abin ya wuce wasa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce ɗalibi yana kashe naira 1,500 a rana zuwa da dawowa, kwana ashirin a wata. Naira 30,000 ke nan. Kuɗin kashewa da NELFUND ke ba wanda ya ci bashinta naira 20,000 ne a wata. Wato bashin da ka ci don ka yi karatu ba ya ma kai ka ƙofar aji, balle a yi maganar takardun lakca da abinci. Duk wanda ya taɓa zama ya zaɓi lakcar da zai je da wadda zai bari saboda kuɗin mota, ya san abin da nake nufi.

Idan aka yi wannan hira a ɗakin kwana ko wajen mai shayi, ƙarshenta ɗaya ne: gwamnati ta sayo motoci. Ni kuwa ina ganin ba a nan gizo ke saƙa ba. Motoci ai an sha sayowa. A 1988 gwamnatin Babangida ta fito da shirin sufurin jama'a na birane, aka raba wa jihohi bas-bas. A 2012, bayan zanga-zangar ƙarin kuɗin mai ta watan Janairu, gwamnatin Jonathan ta zo da nata ƙarƙashin SURE-P. A Abuja har yau manyan motocin nan sunan Malam Nasiru el-Rufa'i ake kiransu da shi, don a zamanin da yake minista aka shigo da su. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya zo Kaduna ya ƙaddamar da bas ɗari masu amfani da iskar gas da gwamnatin Uba Sani ta sayo, aka fara da ɗaukar ɗalibai da ma'aikata kyauta a cikin birnin Kaduna. Abu ne mai kyau, wanda ya hau ya ji daɗi, kuma ba zan rage masa daraja ba. Amma mai karatu, ka tambayi kanka ina na 2012 suke yau, alhali ƙananan bas-bas na haya da suka girme su nesa ba kusa ba har yanzu suna lodi tsakanin Samaru da kasuwar Sabon Gari.

Bambancin a bayyane yake. Tsohuwar bas ɗin haya tana da mai ita. Akwai mutum ɗaya da in ta kwana a gareji, gidansa ba a ɗora tukunya. Motar gwamnati kuwa a hannun hukuma take, ita hukumar a hannun shugabanta, shi kuma shugaban a hannun wanda ya naɗa shi. To idan kujerar shugaban ta zama tukuicin da ake ba wanda ya yi wahala a kamfe, ko wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani ana son a share masa hawaye, motar ta fara mutuwa tun ba a cire ledar kujerunta ba.

A jiharmu harkar ta rabu gida-gida. Akwai KSTA mai motocin Kaduna Line da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa, akwai KADSTRA mai tsara ƙa'idojin sufuri, akwai KASTLEA da muke gani tsaye a bakin titi. Gwamna ne ke naɗa shugabanninsu, kuma duka daga Kaduna ake juya su. Zariya da Sabon Gari, duk da yawan jama'arsu da yawan makarantunsu, ba su da hukumar sufurin cikin gari tasu ta kansu. 'Yan ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin masu keke da 'yan acaɓa su ke riƙe da garin. Maganata ba a kan wani mutum ɗaya take ba, don a cikin waɗanda aka naɗa ana samun masu ƙoƙari da tsoron Allah. A kan kujerar take, da yadda ake hawanta da yadda ake sauka.

Duba tarihin gwamnoninmu tun 1999: Makarfi, Namadi Sambo, Yakowa, Yero, el-Rufa'i, Uba Sani. Tsakanin 2007 da 2015 kawai gwamna uku aka yi. Babbar bas kuwa, in ta sami kulawa, tana iya shekara goma tana aiki, har ta wuce. Ka ga ke nan mota ta fi wa'adin gwamna tsawon rai. Wanda ya saya shi ke ɗaukar hoto, wanda ya gaje shi shi ke biyan kuɗin taya. Kuma ɗan siyasa bai cika son kashe kuɗi a kan abin da ake kira da sunan wanda ya gada ba, musamman in sun ɓata. Gara ya bar na da su ruɓe, ya sayo nasa, a yi musu sabon fenti.

Mu shiga cikin ofishin mu ga yadda abin ke faruwa, don mu da muke karatun injiniya da akanta da harkar gudanarwa ya kamata mu fi kowa gane shi.

Mota ba ta mutuwa rana ɗaya. Akwai lokacin juye baƙin mai, akwai lokacin canza birki, akwai lokacin da taya ta suɗe ko da ba ta fashe ba. Duk wannan kuɗi ne da ake kashewa yau don kada a kashe ninkinsa baɗi. Shugaban da ya san yana da shekara biyar a kujera zai ware wannan kuɗin, don ya san shi ne zai amsa tambaya in motocin suka tsaya. Wanda bai san ko zai kai ƙaramar salla ba, me zai sa ya damu da baɗi? Abin da ke gabansa shi ne ya faranta wa wanda ya kawo shi kafin a yi garambawul. Sai mota ɗaya ta tsaya don wani ɗan ƙaramin abu. Ba a sayo ba. Ta biyu ta tsaya, sai a ciro kayan ta farko a sa mata. Kafin a ankara, rabin garejin ya zama kasuwar kayan gyara na ɗaya rabin. Duk bakaniken da ke Sabon Gari zai faɗa maka motar da aka fara kwance mata kaya ba ta komawa titi.

Sai maganar ɗaukar aiki. Shugaban da aka kawo da takarda, da takarda za a riƙa aiko masa mutane. Yau yaron honorabul, gobe ƙanin shugaban jam'iyya na mazaɓa. Direban da bai taɓa riƙe babbar mota ba a damƙa masa mai ɗaukar mutum hamsin. Kwandastan da ya san ba manaja ne ya ɗauke shi ba, ba kuma manaja ne zai kore shi ba, kuɗin tikiti rabi aljihunsa. Shi shugaban ba shi da bakin magana, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Haka kuma lokacin siyasa. Wa bai taɓa ganin motocin da aka ce na talakawa ne jere a filin taro ba, an cika su da magoya baya? Ranar da aka kwashe mota goma zuwa gangami, mutanen da suka fito bakin titi suna jira ba su da wanda zai gaya musu. Gobe ba za su jira ba. Kuma abin da ke riƙe sufurin gwamnati shi ne mutum ya yarda cewa in ya tsaya a wuri kaza da ƙarfe kaza mota za ta zo. Da zarar wannan yardar ta tafi, fasinja ya koma wa keke, kuɗin shiga ya ragu, sai a ce ai hukumar ba ta kawo riba.

Amma inda na fi son mu tsaya shi ne farashi, don nan ne mu ɗalibai muke saurin tafi. Gwamna ya hau mumbari ya ce an rage kuɗin mota rabi, ko an mai da shi kyauta. Madalla. Sai dai gas ba kyauta ba ne, albashin direba ba kyauta ba ne, taya ma haka. Dole wani ya biya. Idan an yi abin da tsari, hukuma za ta lissafa nawa kowace tafiya ke ci, gwamnati ta sa kuɗin a kasafi, ta riƙa sakin sa a kan lokaci. A birane da yawa na duniya haka ake yi, kuɗin tikiti shi kaɗai ba ya riƙe bas, sai gwamnati ta cika. Ba laifi ba ne a tallafa wa sufuri, ni ma ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Matsalar ita ce ranar da ma'aikatar kuɗi ta yi jinkiri wata uku, waye zai je ya buga tebur ya ce a biya ko motoci su tsaya? Ƙwararren da doka ta kare kujerarsa zai iya. Wanda aka yi wa alfarma ba zai iya ba. Sai ya yi shiru ya taɓa kuɗin gyara, daga nan ya taɓa na albashi. Kyautar da muka yi wa tafi ita ce za ta cinye motar, mu kuma mu koma bakin titi muna tsinuwa.

Sayen sababbi kuwa kowa na so, don akwai kwangila a ciki, akwai biki, akwai 'yan jarida. Ba wanda ya taɓa yanka kyalle don an canza wa mota batir. Har ma kowace gwamnati takan sayo irin tata daga kamfani daban, ta yadda kayan gyaran wannan ba sa shiga waccan, kanikawan da aka horar a kan na da kuma sai su zama baƙi.

Kada a ce zato nake yi, ga abin da ya faru a sarari. A Satumban 2023, wata guda da 'yan kwanaki da kama aikinsa, ministan Abuja Nyesom Wike ya sallami shugabannin hukumomi da kamfanoni 21 na babban birnin tarayya a sanarwa ɗaya, cikinsu har da na kamfanin bas-bas na Abuja. Wataƙila wasu sun cancanci tafiya. Amma mutum 21 a rana ɗaya, ba aikin kowannensu aka auna ba, tsintsiya ce aka sa. Kuma saƙon da wanda zai gaje su ya karanta shi ne: ba yawan motocin da ke kan titi ne zai riƙe ka a kujera ba, fuskar maigida ce. A Abujar nan dai, jirgin ƙasan cikin gari da Shugaba Buhari ya buɗe a Yulin 2018 ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai sake motsi ba sai Mayun 2024 da aka sake yi masa wani bikin buɗewa.

A Kano, bayan hana acaɓa a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta zama ƙafar gari. Hukumar da ke kula da su, KAROTA, an kafa ta a 2012, kuma a zamanin Ganduje an ba Baffa Babba Ɗan'agundi, tsohon ɗan majalisar dokokin jihar, shugabancinta. A Fabrairun 2021 'yan Adaidaita suka tafi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum. A Janairun 2022 suka sake tafiya kan kuɗin sabunta rajista. Gari ya tsaya cak, mutane suka riƙa taka sayyada daga unguwa zuwa kasuwa, har Jami'ar Bayero ta ɗage jarrabawa. Ko wa ke da gaskiya a rigimar, abin lura shi ne birni mai miliyoyin mutane ba shi da wata motar hukuma da za ta ɗauki jama'a na kwana uku. An mai da hankali kan abin da za a karɓa daga masu keke, ba a gina abin da zai tsaya kusa da su ba. Mu ma nan mun ɗanɗana irinsa: a 2014 gwamnatin Yero ta hana acaɓa a manyan garuruwan jiha har da Zariya da Sabon Gari, a ƙarshen Satumban 2021 kuma aka sake hana babura saboda tsaro. Dalilan na iya zama masu ƙarfi, amma duk lokacin da umarni ya sauko daga sama, talaka ne ke neman yadda zai yi da ƙafarsa.

Yanzu mu leƙa Legas, don a can an ga fuska biyu na abin. A 1983 Gwamna Lateef Jakande ya aza harsashin jirgin ƙasa na cikin birni. Sojoji suka karɓi mulki, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin. Legas ba ta ga jirgin cikin gari yana ɗaukar fasinja ba sai Satumban 2023, shekara arba'in cif bayan aza harsashin. Sa hannu ɗaya ya jawo wannan. Ɗaya fuskar kuma ita ce LAMATA, hukumar sufurin birnin, wadda aka kafa da doka a 2002 tare da tallafin Bankin Duniya. Shugabanta na farko, Dakta Dayo Mobereola, masanin tattalin arzikin sufuri ne, kuma ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2015. Tinubu ya sauka ya bar shi, Fashola ya yi shekara takwas da shi. A hannunsa aka buɗe layin BRT na farko a Maris 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22, inda bas ke da nata titin ita kaɗai. Aikin da ya ɗauki shekaru ana tsarawa ana rarrashin 'yan ƙungiyar direbobi, da an canza shugaba sau uku a tsakani, da yana nan a takarda.

Na san abin da wani zai ce: ai Legas gida ɗaya ne ke mulki tun 1999, shi ya sa ba a taɓa shi ba. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujjata ce. Idan zaman ƙwararre a kujera ya dogara ne ga sa'ar cewa uban gida ɗaya ne ke juya gwamnoni, to sa'a ce, kuma mu ba mu da ita. A Kaduna ko jam'iyya ba ta canza ba, mun ga yadda tsakanin gwamna da magajinsa ke lalacewa. Abin da sa'a ta ba Legas, mu doka ce kaɗai za ta ba mu.

Kuma kada mu ɗauka cutar baƙar fata ce. A Toronto ta ƙasar Kanada, a Fabrairun 2012, 'yan kwamitin hukumar sufurin birnin masu biyayya ga magajin gari Rob Ford suka kori babban manajanta Gary Webster da ƙuri'a biyar da huɗu, bayan ya ƙi goyon bayan tsarin jirgin ƙarƙashin ƙasa da magajin garin ke so. Mutum ne da ya shekara fiye da talatin a hukumar. Sai dai can akwai mai taka birki: ba a yi wata guda ba majalisar birnin ta rushe kwamitin ta kafa sabo. Ɗan siyasa ko'ina ɗan siyasa ne. Abin tambaya shi ne ko akwai wanda zai ce masa tsaya.

Wata magana da ake yi, kuma tana da nauyi, ita ce gwamna jama'a suka zaɓa, shi za a tambaya ranar zaɓe, don haka dole ya yi aiki da wanda ya yarda da shi. Ban ƙi ba. Gwamna shi ke da ikon cewa sufuri za a ba fifiko ko asibiti, nawa za a kashe, ɗalibai za su hau kyauta ko rabin kuɗi. Wannan siyasa ce, kuma hakkinsa ne. Kwamishina ma nasa ne, ya naɗa wanda ya ga dama. Amma wace mota za ta bi wane layi, yaushe za a yi mata sabis, wa ya iya tuƙi, wannan sana'a ce. Babu gwamnan da zai aiko shugaban matasan jam'iyya ya tuƙa jirgin saman da zai hau. Me ya sa motar da za ta ɗauki 'ya'yan talakawa hamsin ce za a yi wa haka?

Akwai kuma masu cewa ƙwararre ma yana sata, kuma in ka ɗaure kujerarsa da doka ka ba ɓarawo mafaka. Shi ma gaskiya ne, takardar digiri ba ta hana hannu ƙaiƙayi. Shi ya sa kariyar ba za ta zo ita kaɗai ba, sai da awo. Misalin yana nan kusa da mu a Samaru. Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ba a wayi gari a ji sunansa a rediyo kawai. Ana tallata kujerar a jarida, a faɗi sharuɗɗa, masu so su nema, majalisar gudanarwa ta tantance, wa'adinsa shekara biyar sau ɗaya. Ba a ce babu siyasa a ciki ba, kowa ya san akwai. Amma akwai ƙa'idar da in aka taka ta, ana iya nunawa a ce ga inda aka taka.

Irin wannan nake so mu nema wa hukumomin sufuri na jiha. A tallata kujerar. A ce sai wanda ya karanci harkar ko ya yi shekaru yana aikinta. A ba shi shekara biyar, don wa'adinsa ya tsallake ranar zaɓe. In za a cire shi, a rubuta dalili, majalisar dokoki ta gani. A madadin haka, duk wata uku ya fito ya faɗa wa jama'a mota nawa aka damƙa masa, nawa ke kan titi, nawa ke gareji da dalili, nawa aka tara, nawa gwamnati ta cika. Lambobi biyar ne, shafi ɗaya ya ishe su, ana iya liƙa su a tasha. Wanda motocinsa ke raguwa wata bayan wata, ga dalilin korarsa nan a rubuce, ba sai an jira ya ɓata wa wani rai ba. A kuma rubuta a dokar cewa motar hukuma ba ta zuwa gangamin jam'iyya, ko wace jam'iyya ce. Sannan a kwamitin gudanarwa a ajiye kujera ga masu hawa motar: ɗalibai, 'yan kasuwa, mata, da su direbobin haya da za a yi gogayya da su, don in ba a sa su a ciki ba, su za su fara yaƙar abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa tsayuwa a Kwangila ana ruwa ba, ba zai san inda ya kamata a kafa rumfar jira ba.

Duk motar da aka ware wa Zariya daga cikin sababbin nan, ko waɗanda za a sayo nan gaba, wannan ne zai nuna ko ƙannenmu da ke sakandare yanzu za su same ta da rai. Mu 'yan ajin ƙarshe mun kusa tafiya, wahalar da muka sha mun sha. Amma 'yan shekarar farko suna da sauran tafiya, wasunmu kuma za su dawo babbar difloma su sake tsayuwa a bakin titin nan.

A nan sai mu dubi kanmu, mu ɗalibai. A makarantu da yawa, abin da shugabannin ɗalibai suka fi ƙwarewa a kai shi ne a ɗinka babbar riga a kai wa ɗan siyasa lambar yabo, a dawo da alƙawarin bas ɗaya mai hotonsa a jiki. A yi ta murna. Bayan shekara biyu tana bayan ofis, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta, sababbin shugabanni kuma suna shirin kai wata lambar yabon. Abin da muke zargin gwamnati da shi, shi muke yi a ƙaramin mataki. Roƙon mota ya fi sauƙi, don mai bayarwa yana so a roƙe shi. Neman doka ya fi wuya, don doka tana rage wa mai mulki abin rabawa.

Amma hanyar a buɗe take. Basawa mazaɓa ce mai kujerarta a majalisar dokokin jiha. Sabon Gari ma haka, ga Zariya Birni, ga Zariya Kewaye. 'Yan majalisa huɗu ke nan cikin 34, kuma kowannensu yana da ikon gabatar da ƙuduri. Zaɓen 2027 na tafe, za su zo neman mu, don sun san yawan katin zaɓen da ke tsakanin Samaru da Kongo da Gaskiya da UPE. Ƙungiyarmu ta haɗa kai da takwarorinta na sauran makarantun garin, a nemi malami ɗaya ko biyu daga NITT su duba mana tsarin, 'yan uwanmu masu karatun lauya a Kongo su sa shi a harshen doka. A rubuta wa 'yan majalisar huɗu wasiƙa ɗaya, a buga kwafinta a wannan mujalla, a buga amsar kowannensu a fitowa ta gaba, wanda bai amsa ba a bar gurbinsa fari da sunansa a sama. Kuɗin kai wasiƙar Lugard Hall a Kaduna bai kai na buga kalandar ƙungiya ba.